Hular Bakwaini Da Masu Gudun Asuba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raine mu a cikin ɗumin mahaifa tun ba mu da bakin da za mu roƙe shi. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Idan aka ce wa mutumin ƙasar Sakkwato sanyi na kisa a garinsu, abu na farko da zai yi shi ne dariya. Ai mu da zafi aka san mu. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40, kaji su saki fukafukai, mutane su kwashe shimfiɗa su koma tsakar gida da kwana. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da ɗari kan sauko zuwa wajen 15 da asuba, iyakar ɓarnar da yake yi mana ita ce fasa leɓe da kaushin ƙafa. To amma mai wannan dariya babban mutum ne. Yana da tsoka, yana da riga, idan ɗari ya kama shi jikinsa zai yi makyarkyata ya samar masa da ɗumi, in abin ya ƙi ya tashi ya hura wuta. Jaririn da ya faɗo yanzun nan kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ga yadda masana lafiya suka bayyana al'amarin. Jariri yakan fito ne daga wurin da zafinsa ya kai 37, ya fito a jiƙe sharkaf, ya faɗo cikin ɗakin da ko da mu muna jin sa da ɗumi, shi a wurinsa sarari ne. Ruwan da ke jikinsa yana bushewa yana tafiya da zafinsa, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a goge shi an rufe shi nan take ba, zafin jikinsa na iya faɗuwa da maki 2 zuwa 4 a cikin minti 10 zuwa 20 na farko. Abin da ake so shi ne ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5. Da zarar ya sauka ƙasa da 36.5 sanyi ya fara shigarsa, in ya kasa 32 kuwa yana bakin halaka. Tun da ba ya iya makyarkyata, Allah ya tanadar masa wani ɗan kitse na musamman wanda yake ƙonawa ya samu ɗumi, sai dai ƙonawar na cin sukarin jininsa da iskar da yake shaƙa. Bakwaini, da duk wanda aka haifa bai kai kilo 2.5 ba, nasu tanadin kaɗan ne, nan da nan yake ƙarewa. Daga nan sai a ga ya yi laushi, ya ƙi kama nono, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa, masu zuwa barka suna yabawa wai yaro ne mai haƙuri, ba ya rigima. Kash! Ƙarfin kukan ne babu. Shi kuwa kai, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jariri, ga shi da gashi a jiƙe, yana daga cikin manyan ƙofofin da ɗumi ke ficewa ta cikinsu.

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 ba sa cika wata guda. Wanda aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya ba da 41, wato ba mu gusa ba. Ba a cika rubuta sanyi a matsayin sanadin mutuwar ba. Abin da ake rubutawa shi ne haihuwa kafin lokaci, ko shaƙewa wurin haihuwa, ko ƙwayoyin cuta. Sanyi shi ne mai buɗe musu ƙofa ya koma gefe. Binciken na 2018 ya kuma nuna kashi 39 cikin 100 ne kacal na haihuwa ake yi a asibiti a faɗin ƙasar, a Arewa maso Yamma kuwa ba a kai kashi 20 ba. Mu da ke Kebbe da ƙauyukanta ba ma buƙatar takarda ta faɗa mana wannan. Mun san ɗakunan da aka haife mu.

Ba wai ba mu san hular jariri ba ne. Duk wanda ya taɓa leƙa kayan barka ya gan ta: hula da safa da 'yar riga da shawul, an saƙa su da zaren ulu launi-launi. Mata da yawa a cikin gidajen kulle da kwarashi suke neman na sabulu. Matsalarmu ita ce lokaci da ma'auni. Hular takan fito daga akwati ne ranar suna, kwana bakwai bayan haihuwa, lokacin da sa'o'i mafiya haɗari sun riga sun shuɗe, kuma an saƙa ta ne daidai kan lafiyayyen yaro mai kumatu, da tuntu a sama domin ta yi kyau a idon 'yan biki. A sa'ar farko, wadda ita ce ake buƙatarta, jaririn na cikin kwano ana dirzar sa da soso da sabulu, domin imanin da aka gada cewa in ba a fitar da maiƙon haihuwa tas ba zai girma da ƙarni. Alhali kuwa maiƙon nan kariya ne ga fatarsa, kuma shawarar masana ita ce a jinkirta wankan farko har a kwana a yini, wato awa 24. Sannan sai mu juya a bazara, ranar suna, mu naɗe yaro cikin ulu tun daga kai har ƙafa yana gumi, wanda shi ma haɗari ne mai zaman kansa. Muna da hula, muna da ƙauna, kawai ba sa isa a kan kari.

Yadda masu gudu suka shigo cikin wannan magana kuwa shi ne kamar haka. Akwai mu 'yan kaɗan da ke fita bayan sallar asuba mu bi hanyar da ta nufi Tambuwal mu dawo. Mafi yawa samari ne da ke shirin neman aikin soja ko ɗan sanda, sai 'yan ƙwallo biyu, sai ni da likita ya ɗora wa abin saboda hawan jini, wanda nawa gudun in an yi adalci sassarfa ce sunansa. A cikinmu akwai wani ma'aikacin lafiya da ke aiki a wani ɗan ƙaramin asibitin ƙauye. Wata safiya a cikin hunturu mun tsaya muna hura tafin hannu, kowa na kukan ɗari, sai ya ce mana jiya da dare an kawo musu wani bakwaini a naɗe cikin zanen da aka haife shi a kai, zanen ya jiƙe, jikin yaron kamar ruwan gatari. Ya ce ya nemi abin da zai rufe masa kai ya rasa, sai mahaifin ya cire tasa hular ya miƙa, da aka sa masa sai ta rufe fuskar har haɓa. Wani daga cikin samarin ya tambaya, ya jikin yaron? Ya ce ba za a kai ga suna ba, an rufe shi kafin ya fito.

Ban san wanda ya fara kawo shawarar ba. Abin da na sani shi ne kafin Juma'a ta zagayo mun tsayar da cewa kowa zai riƙa ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa a sayi zare, ni kuma in kai wa yayata, wadda ta fi shekara ashirin tana saƙa. Ita da maƙwabtanta biyu suka kama. Ƙaramar hula ba ta cin zare, dunƙule ɗaya kan ba da biyu har uku, kuma gwana kan gama ɗaya tsakanin la'asar da magariba. Sai dai matan nan suna da girki da raino da saƙar da suke ci da ita. Wata rana na je karɓa na tarar ba su cika ba, kafin in buɗe baki Yaya ta riga ni. "Ku da ke da ƙarfin bin titi tun da assalatu," in ji ta, "kwarashi ne zai gagare ku?"

Da na isar da saƙon, ɗaya daga cikin masu son shiga soja ya dube ni ya ce, "Haba Malam, wanga ai aikin mata na." Na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, don haka na ɗan tsaya a kansa. Na tambaye shi wa ya ɗinka hular da ke kan mahaifinsa. Na tambaye shi su wane ne ke zaune a ƙofar gida da allura suna aikin babbar riga wata da watanni, su wane ne kuma masaƙan da suka tufatar da ƙasar Hausa kafin yadin kanti ya shigo. Maza ne. Allura da zare ba su taɓa zama abin kunya ga namijin Bahaushe ba, kwarashi ne kawai ya shigo mana ta hannun mata, sai muka ɗauka nasu ne. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa mai albarka. Annabi Dawuda (AS), wanda sarki ne kuma jarumi, daga aikin hannunsa yake ci, aikin kuwa saƙa ce, sai dai ta ƙarfe: zobe cikin zobe har sulke ya tashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai a ƙissarsa cikin Suratu Saba'i shi ne ba umurnin yin sulken kaɗai aka ba shi ba, an haɗa masa da umurnin ya auna saƙar, kada zoben ya yi yawa ko ya gaza. Tufar da aka yi domin kare rai da ma'auni ake yin ta.

Uku daga cikinsu suka yarda su koya, ciki har da mai gardamar. Abin mamaki, shi ya fi saurin ɗauka. Ya ce min daga baya bai ga bambancinta da dogon gudu ba: farkonta ne ke da wuya, da hannu ya samu kiɗansa sai ka bar shi ya yi ta tafiya, kai dai ka riƙe lissafi. Gaskiya ya faɗa. Dukkansu biyu maimaita ƙaramin motsi ne sau dubbai, ba mai taƙama da ɗaya daga ciki, amma in ka tsallake ɗaya sai ya nuna. Kuma dukkansu suna barin harshe da zuciya a sake, mai son tasbihi ya yi abinsa.

Ba mu ne farkon waɗanda suka haɗa abubuwan nan biyu ba, sai dai Turawa sun kai shi inda mu ba za mu iya ba. A Ingila akwai wata mata mai suna Susie Hewer da ta riƙa shiga tseren gudun yada-ƙanin-wani na birnin Landan, mai tsawon fiye da kilomita 42, tana gudu tana saƙa mayafin wuya, domin tara kuɗin binciken cutar mantuwa ta tsufa wadda ta kama mahaifiyarta. A 2013 wani malamin jami'a a Amurka, David Babcock, ya yi irin wannan tsere a birnin Kansas ya gama cikin ƙasa da awa 6 da mayafin da ya zarce ƙafa 12. Na ba samarinmu labarin suka yi ta dariya, wani ya ce a hanyarmu da ramummukanta mutum zai soke idonsa ne kawai. Wanda ya fi kusa da namu shi ne na 2006, lokacin da ƙungiyar Save the Children ta roƙi masu saƙa a Amurka su yi wa jariran ƙasashe matalauta huluna, aka tara sama da 250,000, aka fara kai su birnin Washington domin jawo hankalin mahukunta, sannan aka aika da su ƙasashe irin su Malawi da Bangaladash. Madalla da su. Amma na kan ji wani iri a raina idan na tuna cewa hular da ba ta ci dunƙulen zare guda ba sai ta ƙetare teku, alhali a kowace unguwa tamu akwai mai kwarashi.

Mu Musulmi kuwa muna da gudun da ya fi wannan tsufa, kuma saboda jariri aka yi shi. Kowa ya san ƙissar Nana Hajara kamar yadda ta zo a Sahihul Bukhari daga Ibnu Abbas (RA): ruwan salka ya ƙare, ɗanta Isma'ila (AS) na murƙususu, ta kasa jure kallonsa, ta hau Safa ta duba ba kowa, ta gangaro, da ta iso cikin kwarin ta tattare gefen tufarta ta sheƙa da gudu irin na wanda ya jigata, har ta hau Marwa. Sau bakwai. Tsakanin duwatsun biyu bai kai rabin kilomita ba, amma in aka haɗa bakwai ɗin ana samun kilomita 3 da 'yan kai, kusan daidai da abin da nake iya yi da safe kafin numfashina ya ɗauke. Abin lura a nan, ya kai mai karatu, shi ne a yau idan alhazai suka iso tsakanin korayen fitilun nan biyu, maza ne aka sunnanta wa sassarfa, mata kuwa tafiya suke yi. Sarakuna da malamai da attajirai da janar-janar na soja, kowa ya tattare haraminsa yana kwaikwayon gudun wata uwa da ke nema wa jaririnta abin da zai rayu. Duk namijin da ya yi Hajji ko Umara ya riga ya yi aikin mace, kuma ibadarsa ba ta cika sai da shi.

Kalmar gudu a bakin mutanen Kebbe a shekarun nan tana da wata ma'ana da ta danne ta motsa jiki. Ƙasarmu ta yi iyaka da Zamfara da jihar Kebbi, dazuzzukan da ke tsakani kuwa sun zama mafakar 'yan bindiga. Mu kanmu mun rage tsawon hanyarmu, ba ma fita bayan gari sai gari ya waye sosai. Muna dawowa wani lokaci sai mu ci karo da ainihin masu gudu: mata da ƙullin kaya a ka, yara ba takalma, tsofaffi a kan amalanke, sun kwana suna tafiya. A cikinsu ba a rasa mai tsohon ciki. Duk abin da ta tara na haihuwa, zannuwa da sabulu da 'yar hular da ta saƙa tana jiran suna, yana can a ɗakin da ta baro a buɗe. Wahala da firgita na iya tayar da naƙuda kafin lokaci, sai ta haihu a zauren wani ɗan'uwa ko a ajin makaranta mai tagogi ba marufi, iskar hunturu na shiga ta nan tana fita ta can. Mu muna gudu ne da zaɓinmu, mu koma gida mu sha koko. Ban ga yadda mutum zai gifta waɗannan bayin Allah da kayan motsa jiki a jikinsa ya kuma ji daɗin kokon ba. Mafi yawan hulunanmu wurinsu suke tafiya.

A nan wajibi ne in faɗi wata gaskiya da ba ta yi wa masu saƙa daɗi ba, domin addininmu bai yarda a ƙawata sadaka da ƙarya ba. Hula ita kaɗai ba ta ceton bakwaini. A 2018 an buga sakamakon wani bincike da aka yi kan jarirai 300 marasa nauyi a asibitoci uku na Habasha da Mozambik da Yuganda, waɗanda dukkansu ana ɗora su a ƙirjin iyayensu. Aka sa wa rabinsu hular ulu aka bar rabi, da aka auna sai ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a zafin jikinsu. Wato ɗumin na gaskiya daga jikin uwa yake fitowa. Hula ba ta hura wuta, iyakarta ta tsare wadda ake da ita. In ka sa ta a kan yaron da ya riga ya yi sanyi, a cikin jiƙaƙƙen zane, ka rufe sanyi ne kawai.

Wannan dabara ta ɗora jariri a ƙirji, fata da fata, a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya aka fara ta a 1978, inda wani likita mai suna Edgar Rey Sanabria ya rasa isassun kwalaben saka bakwaini, ana cusa biyu har uku a guda suna shafa wa juna cuta. Ya mayar da su ƙirjin iyayensu, aka raɗa wa abin sunan kangaru, dabbar nan ta Ostireliya mai renon ɗanta a cikin jakar cikinta. A 2021 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Nijeriya (namu a Ile-Ife aka yi), kan jariran da nauyinsu ke tsakanin kilo 1 da 1.8. Waɗanda aka ɗora a ƙirji nan take bayan haihuwa, ba tare da jiran su murmure a kwalba ba, mutuwa a cikinsu ta ragu da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da hakan shawararta. Mu da muka gaji goyo kaka da kakanni, abin da ake nema a gare mu bai wuce mu juyo da shi daga baya zuwa gaba ba, a cire rigar da ke tsakani, a bar yaro da ƙunzugu da hula, a ɗaure da majanyi, uwa ta yafa zane a sama. In ta gaji kaka ta karɓa, ko uba.

To mene ne amfanin hular ke nan? Na farko, kan ne kaɗai ke leƙowa daga cikin goyon, kuma ɗakunanmu na hunturu ba asibiti ba ne. Ga kuma jaririn da dole a ɗauke shi a kan babur da dare zuwa wurin likita. Na biyu, wanda a ganina ya fi, hula 'yar aike ce. Idan ka shiga gida hannu rabbana ka ce wa tsohuwar da ta karɓi haihuwa ɗari kada ta yi wa jariri wanka sai gobe, za ta tambaye ka kai wa ya wanke ka. Amma idan ka miƙa mata 'yar hula mai kyau ka ce a goge shi tukuna da busasshen zane, a canza wani, a sa masa wannan, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa ya nemi nono, sai ta saurara, domin ka zo da kyauta ba da gyara ba. Shi ya sa muka daina tara hulunan a wuri guda, muka koma raba su ga ungozomomi da masu tsohon ciki tun kafin naƙuda. Samarin masu gudu su ne 'yan kai saƙo, kowa da unguwar da yake bi a hanyarsa ta dawowa, ya miƙa wa uwarsa ko gwaggonsa ita kuma ta shigar cikin gida.

Jiharmu ta riga ta gwada irin wannan hanya ta ga amfaninta. A 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, Sakkwato ce ta fara raba maganin shafa wa cibiyar jariri da na tsayar da jini bayan haihuwa har cikin gidaje, ta hannun mutanen unguwa, maimakon a zauna jiran matan da ba za su zo asibiti ba. Kafin wannan ma da nisa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan karkara su zama malamai ba. Ta zaɓi dattijai amintattu daga cikinsu ta naɗa su jajis, su kai karatu garuruwansu su kuma jagoranci 'Yan Taru wajen hidimar marasa lafiya da gajiyayyu. Alamar da take ɗora wa jaji a ka kuwa malfa ce. Ita ma da hula ta aika da ilmi.

Saɓanin da ya fi tsawo a tsakaninmu bai shafi zare ko kuɗi ba, a kan hoto ne. Wasu daga cikin samarin sun so a riƙa ɗaukar mai jego da jaririnta sanye da hular a sa a Facebook, hujjarsu ita ce in mutane suka gani za su taimaka. Hujja ce mai ƙarfi, kuma Alƙur'ani a Suratul Baƙara bai hana bayyana sadaka ba, ko da yake ya fifita ɓoye ta ga matalauta, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓata ta da gori da cutarwa. Nawa ra'ayin shi ne a ɗauki hulunan in ana so, a jera su a tabarma, amma ban da fuskar matar da ta gudo daga garinta. Ba ta cikin halin da za ta iya cewa a'a ga wanda ya kawo mata alheri, kuma iznin wanda ba zai iya ƙi ba ai ba izni ba ne. Har yanzu akwai wanda bai gamsu ba, yana ganin tsoron riya ya sa muna hana jarirai zare. Ban ce maganarsa ba ta da kan gado ba. Nakan dai tuna masa da Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (RA), wadda take jima da ɗinkin fata da hannunta ta bayar da kuɗin. Da Manzon Allah (SAW) ya faɗa wa matansa cewa mafi tsawon hannu a cikinsu ita za ta fara riskarsa, sai suka riƙa gwada hannuwansu, ba su gane tsawon kyauta ake nufi ba sai da ta riga su rasuwa a zamanin Sayyidina Umar (RA). Waɗanda suke zaune tare da ita ma sai a lokacin suka fahimci girman abin da take yi.

Kwanakin baya wata 'yar'uwarmu da ke aure a Kano ta ji labari ta aiko da huluna talatin, Allah ya saka mata da alheri. Kyawawa ne ƙwarai, da tuntaye da 'yan duwatsu masu ƙyalli da igiyar ɗaurewa a haɓa. Ungozomar da aka kai wa goma daga ciki ta mayar da su washegari, ta ce waɗannan na 'yan wata uku ne, ita nata baƙin kansu bai fi haka ba, ta dunƙule hannu ta nuna. Ma'aikacin lafiyarmu kuma ya ce igiyar na iya shaƙe wuya, duwatsun na iya ɓallewa. Kan cikakken jariri kewayensa santimita 33 zuwa 35 ne, na bakwaini kuwa sau da yawa ba ya kai 30. Muka ware biyar domin masu suna, sauran Yaya ta zauna ta warware su ɗaya bayan ɗaya tana naɗe zaren. Na tsokane ta da cewa ai Suratun Nahli ta buga misali da mai warware zarenta bayan ya yi ƙarfi, ta ce waccan ta warware ta bar shi ne, ita kuwa in zo bayan kwana huɗu in gani.

Ga wanda ke son ya gwada a garinsu: zare mai laushi, saƙa maras kauri, ba tuntu, ba igiya, ba ado, a ɓoye bakin zaren kada ya karci fata, a wanke a shanya a rana kafin a bayar, kuma a gaya wa uwar ta cire ta in ɗaki ya yi zafi ko yaro ya fara gumi. Yaya ba ta amfani da awo. Babban lemon zaƙi take ajiyewa kusa da ita, in hular ta zauna masa daidai kuma ta ɗan miƙe in an ja, ta bakwaini ce. Daga cikin ashirin da biyar ɗin da ta warware, ta fitar da talatin da takwas.